Filin Tambaya da Amsa: Jar Giyar Sifaniya, Inabinta da Abincin da Ake Haɗa Ta da Shi

A wannan fitowa mun haɗa wasiƙu huɗu da suka iso mana daga wurare mabambanta, domin dukkansu sun taru a kan abu guda, wato jar giyar inabi ta ƙasar Sifaniya. Mun san mafi yawan masu karanta wannan fili Musulmi ne, kuma hukuncin giya a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta riga ta yanke magana. Sai dai a cikin masu karatunmu akwai Kiristoci, akwai ma'aikatan otal, akwai kuma 'yan'uwanmu da neman abinci ko neman ilimi ya kai su Turai, waɗanda ke cin karo da wannan abu kullum ko da ba su taɓa kai shi baki ba. Don haka za mu amsa wa kowa gwargwadon abin da ya tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Maraɗi ne, ina zaune a birnin Logroño, ina aiki a kicin ɗin wani gidan abinci. Ba na shan giya, kuma ba ni ke kai ta tebur ba, amma kullum ina jin maigidana da baƙi suna ambaton crianza da reserva da Tempranillo. Wani lokaci babban kuku yakan ce a rage barkono ko a canza miyar nama saboda kwalbar da aka buɗe a wani tebur. Ina so in fahimci abin da suke nufi, don kada in zauna kamar kurma a wurin aikina.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ai a tsakiyar abin da kake tambaya kake zaune, domin Logroño ce hedikwatar lardin La Rioja, kuma daga sunan yankin ne giyar ta samo nata sunan. Gonakin inabin sun bi kwarin kogin Ebro na tsawon kimanin kilomita 100, daga garin Haro a yamma zuwa Alfaro a gabas, faɗinsu ya haura hekta 60,000, har sun ƙetara zuwa cikin yankin Basque da na Navarra. An yi wa sunan Rioja rajista a 1925, sannan a 1991 yankin ya zama na farko a Sifaniya da ya samu matsayi mafi girma na kariyar suna, wanda ake rubutawa DOCa a jikin kwalba. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne akwai hukumar da ke ƙayyade irin inabin da za a shuka, da yawan abin da za a girba, wanda ga jan inabi ƙa'idarsa kilo 6,500 ne a kowace hekta, da kuma tsawon lokacin da za a ajiye giya kafin a kai ta kasuwa.

Tempranillo sunan inabin ne, kuma kusan kashi tara cikin goma na jan inabin da ke gonakin Rioja shi ne. Yana riga ɗan'uwansa Garnacha nuna da 'yan makonni, abin da ya sa ya dace da tuddai masu sanyi na Rioja Alta da Rioja Alavesa, inda duwatsun Sierra de Cantabria ke tare ruwa da iskar da ke tasowa daga tekun Atlantika. Can gabas kuwa, a ɓangaren da ake kira Rioja Oriental, rana ta fi zafi, ƙasa ta fi bushewa, kuma nan ne Garnacha ya fi jin daɗi. Masu haɗa giya sukan ɗauki Tempranillo a matsayin ginshiƙi, su ƙara Garnacha don kauri da ƙarfi, Graciano don ƙamshi da tsami, Mazuelo kuma don launi da bauri.

Idan ka matse ƙwayar Tempranillo tsakanin yatsunka, za ka ga ruwan cikinta ba ja ba ne, kusan garau yake. Launin duka yana cikin fatar, wadda baƙa ce mai shuɗi-shuɗi. Saboda haka bayan an murƙushe inabin ba a tace shi nan take, sai a bar ruwan tare da fata da 'ya'yan ciki na kwanaki ko makonni, yayin da yis ke cinye sukarin yana mayar da shi barasa. Wannan ne dalilin da ya sa giyar ba ta da zaƙi, duk da cewa inabin da aka yi ta da shi ya fi wanda ake sayarwa a tire zaƙi. Barasar da ke cikinta takan kai kashi 13 zuwa 14.5 cikin 100, wato kusan ninki uku na giyar kwalba da aka saba gani a ƙasashenmu.

A wannan jiƙo ne kuma fata da 'ya'yan ke sakin sinadarin tanin, wanda shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da kukunku ke yi. Bahaushe ya san tanin ko da bai san sunansa ba, domin shi ne baurin da ke cikin goro: ka tauna, sai ka ji harshe da dasashi sun bushe, baki ya yi kamar an tsane shi da tsumma. Abin da ke faruwa shi ne tanin yana kama furotin ɗin da ke cikin yawu, santsin baki ya ɗauke na ɗan lokaci. Tempranillo yana da bauri matsakaici da tsami matsakaici, ba ya cika baki da ƙamshin kansa, shi ya sa yake karɓar ƙamshin ganga fiye da wasu nau'o'in inabi.

Zancen ganga kuwa yana da tarihi. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19 giyar Rioja ta shan gida ce, ba ta jure ajiya ko doguwar tafiya. Wani mai haɗa giya, Luciano de Murrieta, ya je Bordeaux ta Faransa ya koyo yadda ake ajiye giya a ƙananan gangunan katako, ya fitar da tasa ta farko a 1852, gidan Marqués de Riscal kuma ya kafu a garin Elciego a 1858. Daga shekarun 1860 wani ƙaramin ƙwaro mai cin saiwar inabi, filoksera, ya afka wa gonakin Faransa, sai fataken Bordeaux suka gangaro Rioja neman abin da za su cika rumbunansu da shi. Jirgin ƙasa ya riga ya haɗa Haro da tashar ruwa ta Bilbao, saboda haka manyan gidaje irin su López de Heredia a 1877, da CVNE a 1879, da La Rioja Alta a 1890 suka yi gini a gefen tashar jirgin, kuma suna nan har gobe. Daga Faransawa aka gaji ganga mai cin lita 225, wadda ake yi da wani itace mai tauri da Sifaniyawa ke kira roble. Sai dai mutanen Rioja sun daɗe suna fifita katakon da ake kawowa daga Amurka, wanda ke ba da ƙamshin banila da na kwakwa a fili, yayin da na Faransa ya fi karkata zuwa ƙamshin kanumfari da kirfa a hankali. Ana ɗan babbaka cikin gangar da wuta lokacin haɗa ta, wannan ya ƙara ƙamshin hayaƙi, sannan 'yar iskar da ke ratsa katakon kaɗan-kaɗan ita ke lausasa baurin cikin watanni.

Yanzu ga kalmomin da kake ji. Idan ka juya kwalbar Rioja za ka ga wani ƙaramin hatimin hukuma a bayanta, kuma launinsa na faɗin shekarunta. Kore na nufin ba a ɗaure ta da ƙa'idar ajiya ba, galibi sabuwa ce, ta shekara ɗaya ko biyu. Ja shi ne crianza: aƙalla shekara 2 a ajiye, 1 daga ciki a ganga. Ja mai duhu shi ne reserva: shekara 3, aƙalla 1 a ganga da wata 6 a kwalba. Shuɗi kuma gran reserva: shekara 5, aƙalla 2 a ganga, 2 a kwalba. Masu sha suna siffanta sabuwar da ƙamshin jajayen 'ya'yan itatuwan ƙasashen sanyi irin su ceri, launinta ja mai shunayya, baurinta da ɗan kaifi. Crianza tana riƙe da wannan ƙamshi amma banila ta shigo. Idan aka kai reserva da gran reserva, launin yakan koma na jan bulo a gefen kofi, ƙamshin ya juya zuwa na busasshen ɓaure da ganyen taba da jemammiyar fata, bauri ya kwanta, tsami ne ke rage wa yana riƙe da ita. Mutane da yawa suna ɗaukar cewa wadda ta fi daɗewa ita ta fi kyau, amma hatimin lokaci kawai yake aunawa, ba ya auna kyawun gona ko ƙwarewar mai haɗawa. Su kansu mutanen Rioja sun gane wannan giɓi, shi ya sa a 2017 suka ƙara wani suna, Viñedo Singular, ga giyar da ta fito daga gona guda mai itatuwan da suka haura shekara 35, waɗanda aka girbe da hannu.

To, me ya haɗa wannan duka da tukunyar kukunku? Tanin furotin yake nema. Idan akwai nama mai maiƙo a baki, sai ya kama na naman ya ƙyale na yawu, baurin ya ragu, tsamin giyar kuma ya wanke maiƙon, lomar da ke biye ta zo kamar ta farko. Gishiri ma yana danne ɗaci. Wannan ne ya sa abincin da aka fi alaƙanta shi da Rioja ya zama chuletillas al sarmiento, wanda na tabbata ka gani lokacin bikin San Mateo da ake yi a garinku a watan Satumba. Rassan inabin da aka sassabe da hunturu ne ake ɗaurewa dami-dami a shanya, ranar gashi a cinna musu wuta su tashi da harshe mai tsawo, cikin 'yan mintuna su zube su bar siririn garwashi mai zafi wanda ba ya daɗewa. A kan wannan garwashi ake jera ƙananan haƙarƙarin ɗan rago, ba a sa musu komai sai gishiri mai tsakuwa, kitsen na ɗiga yana tayar da hayaƙi, a kwashe a ci da hannu tun da zafinsu. Kitse da gishiri da hayaƙi, ga su nan duka, kuma crianza suke ɗora wa wannan.

Sabuwar giya da crianza suna tafiya da abinci mai tumatir da jan tattasai, irin su bacalao a la riojana, wato kifi mai gishiri da aka dafa cikin miyar tattasai, da gasasshen tattasan piquillo na garin Lodosa. Gran reserva kuwa ba ta son hayaniya a faranti, domin ƙamshinta siriri ne, miya mai ƙarfi za ta binne shi. Ana ba ta gasasshen nama marar kayan haɗi da yawa, ko naman kaza da ake tsinkowa a daji, ko tsohon cukun tumaki irin Manchego da Idiazábal. Idan ka ji kuku ya ce a sauƙaƙa miya, mai yiwuwa irin wannan kwalba aka buɗe. Abubuwan da suke gudu su ne yaji mai yawa, da kayan zaƙi waɗanda ke sa giyar ta koma tsami zalla, da ruwan khal mai yawa a salak, da kifi mai ƙarni wanda ke barin ɗanɗanon ƙarfe a baki.

Tun da a kicin kake, ga abin da ya fi shafarka kai tsaye. Yawancin abincin gargajiya na wannan yanki akwai alade a ciki ko da sunan bai nuna ba. Patatas a la riojana dankalin Turawa ne da chorizo, wanda naman alade ne; wake irin su caparrones da pochas ana yawan dafa su da chorizo ko kitsen alade; miyar ganye ta menestra sau da yawa ana yayyanka mata jamón, wato busasshiyar cinyar alade; kuma wasu kukun suna shafa wa rago manteca de cerdo, wato man alade, kafin su sa shi a tanda. Game da aikin naka kuwa, hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya ambaci mutum goma dangane da giya, ciki har da mai ɗaukarta da mai shayar da ita. Ka ce ba ka cikin waɗannan, amma yana da kyau ka zauna da malamin masallacin da kake Juma'a ka zayyana masa ainihin abin da hannunka ke taɓawa, domin shi ya san halin da kuke ciki a can.

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa. Ni Kirista ce daga Jos. Ɗana ya dawo daga Sifaniya ya kawo wa mahaifinsa kwalba guda da aka rubuta Ribera del Duero Crianza a jikinta, muna so mu buɗe ta ranar Kirsimeti. Shin ita ce Rioja da ake faɗa? Zan iya haɗa ta da farfesun kayan ciki ko tsire? A firij ake ajiye ta?

AMSA: Muna amsawa, Mama, Allah ya kai mu lokacin lafiya. Ba Rioja ba ce, amma inabinsu ɗaya ne. Mutanen kwarin kogin Duero suna kiran Tempranillo da Tinto Fino ko Tinta del País, kamar yadda ake kiransa Cencibel a La Mancha, Tinta Roriz kuma a arewacin Fotugal. Bambancin yana wajen ƙasa. Gonakin Ribera del Duero suna kan tudu mai tsayin kimanin mita 750 zuwa 1,000, inda rani ke da zafin rana da sanyin dare, hunturu kuma mai tsanani. A irin wannan wuri ƙwayar inabin takan yi ƙanƙanta, fatarta ta yi kauri, saboda haka giyar ta fi ta Rioja duhu da bauri da nauyi a baki. Yankin bai samu rajistar suna ba sai a 1982, ko da yake gidan Vega Sicilia yana can tun 1864. Crianza a nan ma shekara 2 ce, 1 a ganga.

A garin Aranda de Duero abin da suke ci da ita shi ne lechazo, ɗan rago mai shan nono da ake gasawa a kaskon yumɓu cikin tandar itace, da ruwa da gishiri kaɗai. Cikin abincinmu, balangun rago ne ya fi kusa da wannan, muddin aka ajiye yajin a gefe maimakon a barbaɗe shi a kai. Tsire ma zai yi idan mai tukuba ya sassauta barkono, domin ƙuli-ƙuli da man da ke jikinsa suna kwantar da bauri. Dafa-dukar shinkafa mai tumatir da soyayyen nama ba za ta ba ki kunya ba. Farfesu kuwa ban ba ki shawara ba. Barasa tana ƙara wa jijiyoyin da ke jin zafin barkono a harshe kaifi, don haka attaruhun da kika saba da shi zai zo kamar an ninka shi, giyar kuma ta koma ɗaci da zafi kawai, ga shi romo ba shi da kitsen da zai tare bauri. Ki ba da farfesun daga baya da ruwan sanyi.

Game da ajiya, zafi da hasken rana ne abokan gabarta. Ki kwantar da kwalbar a wuri mai duhu da sanyi, nesa da murhu da taga, domin toshiyar ta riƙa jiƙewa kada ta bushe iska ta shiga. Ana shan irin wannan a ma'aunin digiri 16 zuwa 18. Sanyin Jos na watan Disamba zai iya kai ɗakinki kusa da haka da dare, amma idan da rana ne, rabin awa a firij ya isa; in ta yi sanyi da yawa ƙamshin ya ɓuya, bauri ya fito. Ki buɗe ta kamar rabin awa kafin a zauna cin abinci, abin da ya rage kuma a toshe a sa a firij, kada ya wuce kwana uku. Ki tuna kwalba mai mililita 750 da barasa kashi 14 tana ɗauke da fiye da mililita 100 na tsantsar barasa, ƙananan kofuna shida ke cikinta, kuma rashin zaƙinta ba ya nufin rashin ƙarfi. Wanda zai tuƙa mota, da mai juna biyu, da mai ciwon hanta ko mai shan maganin da likita ya hana haɗawa da barasa, da yara, duk a ba su wani abin sha dabam.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata tana karatu a Granada. Ta ce ƙawayenta sun gaya mata idan an dafa nama da jar giya barasar duk tana ƙonewa, sannan akwai kwalaben da aka rubuta 0,0 a jikinsu. Wata kuma ta ce mata likitoci sun yarda jar giya tana gyara zuciya. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kina da hujjar rashin kwanciyar hankali, domin maganar farko ba daidai ba ce. Alƙaluman da ma'aikatar noma ta Amurka ta wallafa sun nuna cewa bayan minti 15 ana dahuwa kimanin kashi 40 cikin 100 na barasar da aka zuba yana nan, bayan awa ɗaya kashi 25, kuma ko bayan awa biyu da rabi akwai saura kashi 5. Saboda haka ta lura da kalmomin al vino tinto, wato da jar giya, a takardar jerin abinci. Rabo de toro, wato dahuwar wutsiyar sa da aka san Andalus da ita, da jar giya ake yin ta, haka ma carrilleras, naman kumatu wanda sau da yawa ma na alade ne, da peras al vino cikin kayan zaƙi. Tambayar mai kawo abinci ba abin kunya ba ne a can, sun saba da ita.

Kwalbar 0,0 kuwa giya ce cikakkiya aka fara yi, sannan aka cire barasar da na'ura, ko dai ta hanyar turara ta a ƙaramin zafi ko ta tacewa. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a kira giya wadda aka cire wa barasa idan abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba, don haka a duba lambar da ke jikin kwalba, kada a tsaya ga babban rubutu. Malamai sun saɓa a kanta: wasu na duba cewa ba ta sa maye komai yawanta, wasu na duba asalinta da kuma kamanceceniya da mashaya. Akwai cibiyar Instituto Halal a Kurɗuba da ke ba kayan abinci shaidar halal, tana iya neman tambarinta. Amma hanya mafi sauƙi ita ce ta nemi mosto, ruwan inabi ne da ba a bari ya tsimu ba, ana samunsa a kusan kowane wurin cin abinci a Sifaniya, a kawo shi da ƙanƙara da yankan lemo da zaitun guda. Idan kuma abin da ake nema shi ne abin shan da zai wanke maiƙon gasasshen rago, zoɓon da ba a cika masa sukari ba yana da tsami da ɗan baurin da za su yi wannan aiki, ki sa mata busasshensa a kaya idan za ta koma.

Zancen zuciya ya samo asali ne daga farkon shekarun 1990, lokacin da aka yi ta yayata cewa Faransawa na cin kitse amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba, aka danganta abin da jar giya da wani sinadari na fatar inabi mai suna resberatirol. Bincike na baya ya nuna abin da ke cikin kofi ɗaya na wannan sinadari kaɗan ne ƙwarai, kuma yawancin binciken farko sun cakuɗa waɗanda ba su taɓa sha ba da waɗanda rashin lafiya ta sa suka daina. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya, kuma tun 1988 hukumar binciken cutar kansa da ke ƙarƙashinta ta sa abin sha mai barasa cikin rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar. Ɗanyen inabi da zabibi suna ba da amfanin fatar ba tare da barasa ba.

TAMBAYA: Malam, ni manomin inabi ne a Kudan ta jihar Kaduna. Na ji ana yabon wannan iri na Tempranillo. Zai yi a ƙasarmu, kuma zai karɓu a kasuwa?

AMSA: Sannu da ƙoƙari, Malam. Zai iya tsira, domin ana noma shi da ban-ruwa a kwarin kogin São Francisco na Brazil, wuri mai zafi da ba shi da hunturun Turai, inda sassabe ke maye gurbin barcin da itacen ke yi lokacin sanyi, kamar dai yadda kuke yi a Kudan. Matsalar tana wajen kasuwa. Inabin matsa dabam yake da inabin ci: ƙwayarsa ƙarama ce, fatarsa da kauri da bauri, cikinsa cike da 'ya'ya, nonon kuma a cushe yake, abin da ke sa ruɓa ta kama shi da wuri idan akwai laima. Mai saye a Kaduna ko Abuja babbar ƙwaya yake nema, mai ƙarau a baki, marar 'ya'ya, wadda za ta jure kwanaki a kan hanya. Tempranillo kuma yana saurin kamuwa da farar fumfuna ta ganye, kuma a wuri mai zafi tsaminsa yakan zube kafin launinsa ya cika. Inda zai iya amfanar ka shi ne idan kana da mai sayen ruwan inabi na kwalba, domin sukarinsa ya fi na inabin ci, fatarsa kuma tana ba da launi mai kyau. Idan ka yi niyyar gwadawa, ka fara da layi ɗaya ko biyu a gefen gona, ka nemi dashen da aka ɗaura a kan saiwar inabin Amurka mai jure ƙwari, kamar yadda manoman Rioja suka koma yi bayan filoksera ta iso musu a 1899, kuma kada ka shigo da reshe daga waje sai da izinin hukumar killace tsirrai ta ƙasa.